Badaru Tela da Dasassun Kwali

Badaru ɗan Gafasa ne, amma tun da ya buɗe shagon ɗinki a bakin kasuwar Ajingi yake ce wa mutanen garinsu "ku na ƙauye". Tela ne na gaske, in ka yarda wandonka ya fito ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya. Boko kuwa a aji biyu na ƙaramar sakandare suka yi sallama, kuma har yau ba a san wanda ya fi jin daɗin rabuwar ba, shi ko malamansa.

Wata rana a motar Kano ya zauna kusa da wani mai buga karta a waya, karta mai dodanni da mayaƙa. Badaru ya leƙa tun daga tasha har wuyansa ya sage. Rubutun duk Turanci, bai tsinci komai ba, sai ya dawo gida ya ce shi ma zai yi tasa, wadda ta fi ta Turawa.

Shekara guda ya yi yana yanka kwalaye da almakashin ɗinki, yana zane da biro, yana shafe bayan kowace karta da shuɗin fenti. Kayan sallar mutane suka kwana biyu a rataye. Har labari ya ƙaga wa kartar tasa. Wai akwai wani birni, Birnin Dunƙule, da Mutanen Toka suka kawo wa hari daga bayan duwatsu bakwai. Aka kore su, amma kafin su gudu sai suka dasa nasu a cikin gari: wannan wanzami, wancan mai shayi, waccan ungozoma. Suna ci da kowa, suna zuwa sunan kowa, suna jiran ranar da za a busa ƙaho su buɗe ƙofar gari. Su ne Dasassu.

Wasan ba wuya. Za ka cusa Dasassu uku cikin mutanen gari goma, ka kife su duka a gaban abokin karawarka. Sau biyar zai nuna karta ya ce, "Kai baƙo ne!" In ya zaƙulo ukun ya ci. In bai zaƙulo ba, gari ya ƙone. Ba a sa ko sisi, don Badaru ya ce shi ba ɗan caca ba ne, masani ne.

Duk Ajingi ba wanda ya taɓa cinye shi, sai Surayya.

Surayya 'yar kawunsa ce, abokiyar wasansa, tana aure a Kademi da 'ya'ya huɗu. Duk ranar kasuwa takan kawo ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, in ta sayar sai ta biyo shagon ta sha ruwa ta tsokane shi.

"Bawana, kawo kwalayen nan naka in ƙara maka kuka."

"Ke da ko baƙi ba ki iya ba? Wannan wasan masu ƙwaƙwalwa ne, baiwa."

Sai ta sunkuya a kan kartar kamar mai tunani, ta lumshe ido, ta nuna uku a jere. Uku, ba kuskure. Sau goma sha ɗaya ta yi masa haka.

Badaru ya daina cin abinci, wato ya rage daga malmala biyar zuwa huɗu. Ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa lallai akwai Dasasshe a shagonsa. Zargi ya faɗa kan Kamalu, amininsa mai facin taya, wanda ya shekara tara yana zama a bencin shagon.

"Kamalu, me ya sa kake tari duk sanda take zaɓe?"

"Mura nake, Tela."

"Haka wanzamin Birnin Dunƙule ya ce."

Ya kori Kamalu daga benci. Ya sauke madubin gwada kaya ya kifa shi. Har akuyar maƙwabta ya sa aka ɗaure nesa, wai kallonta bai yi masa ba.

Da kaka ta zo, Surayya ta ce a yi na ƙarshe. In ya ci, za ta tsaya a tsakiyar kasuwa ta ce ita baiwar Badaru ce har jikokinta. In ita ta ci, zai zo Kademi ya zauna cikin mata ya yi mata tsinkar gyaɗa wuni guda. Namiji mai gemu, mai shago, a tsakiyar mata da kwarya a cinya! Badaru ya san in haka ta faru, ko bayan ya mutu da wannan za a riƙa kwatanta gidansa. Amma ya duba shago, ba Kamalu, ba madubi, ba akuya, sai ya ce ya yarda.

Ya juya baya ya cakuɗa kartar har hannunsa ya yi gumi. Ya kife su a kan teburin yanka. Surayya ta sunkuya, ta lumshe ido.

"Kai baƙo ne. Kai ma. Ke ma, ungozomar ƙarya."

Ranar Asabar da hantsi aka ga Badaru a gonar mijin Surayya, ya ja hula har gira, a ƙarƙashin ɗorawa, mata takwas sun sa shi a tsakiya. An tara masa tulin gyaɗa da ya kusa kai tsayinsa. Duk mai keken da ya wuce sai ya rage gudu ya yi masa sannu da aiki, wani ma sau uku ya wuce.

Surukar Surayya, tsohuwa Hansai, wadda idonta ya yi rauni har takan gai da turmi, ta ce, "Ɗan nan, ba ni abin da ya jawo maka wannan wulaƙanci in taɓa."

Ya zaro kartar daga aljihu ya miƙa mata, yana bayanin Mutanen Toka. Tsohuwa ba ta saurare shi ba. Ta kai su hanci ɗaya bayan ɗaya, ta ware uku gefe.

"Waɗannan kwalin sabulun wanki ne. Sauran na taliya."

Badaru ya birkice su. Wanzami, mai shayi, ungozoma. Sai a lokacin ya tuna kwalin taliya ya ƙare masa kafin ya zo kan Dasassu, ya karɓo wani a shagon mai sabulu.

"Wankin yara huɗu nake kullum, bawana," in ji Surayya, tana share hawayen dariya da gefen mayafi. "Ko a mafarki na san ƙamshin nan."

"To ai wannan maguɗi ne! A soke!"

"Wa ya yanka kwalin, ni ko kai?"

Matan suka karɓi kartar tana yawo hannu zuwa hannu, kowa ta shinshina ta ce, "Kai baƙo ne!" Badaru ya miƙe zai yi jawabi, Hansai ta jawo gefen rigarsa ta zaunar da shi, ta tura masa kwarya.

"Rana na yi, Tela. Kuma ka daina haɗa min da harawa, ba awaki za mu soya wa ba."

Sai bayan la'asar ya ga ƙasan tulin, yatsunsa sun kumbura, kwana uku bai iya zura zare a allura ba.