Ƙurar da Ke Jikin Taragan Kawu Wendell

Ina neman afuwar 'yan ƙungiya da zan tsare ku da wannan rubutu, amma shiru ya gagare ni.

Ranar Talata, 4 ga Maris, 2025, Allah Ya karɓi ran Kawu Wendell Stiltner a gidansa da ke kudancin West Virginia, bayan ƙurar kwal ta gama cinye masa huhu. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ramin haƙar kwal. Sauran kwanakinsa ya ƙarar da su a ɗakin ƙungiyarmu ta masu harhaɗa jiragen ƙasa na kwaikwayo da ke ƙarƙashin coci, yana harhaɗa jirgin kwal na kwaikwayo mai tarago arba'in da takwas, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba.

Kawu, ni a ƙasidu na koyi wannan aiki. Ranar da na kawo maka taragona na farko yana sheƙi, ka jujjuya shi ka ce, "Elwood, wannan madara zai ɗauko ko amarya? Ina ka taɓa ganin taragon kwal da tsabta?" Sannan ka buɗe gwangwanin ƙurar da ka ɗebo ranar da aka toshe ramin da ka yi aiki, Rami na Tara, ka kama hannuna, ka nuna mini yadda ake goga ta da busasshen buroshi. Ba ka taɓa shafa wa naka man da zai riƙe ƙurar ba. A gefen kowane tarago ka rubuta lambar aiki ta wani abokinka da ya riga ka tafiya.

To, ka ji abin da aka yi maka. Shekaranjiya na tarar da shugabanmu, Dwayne Tackett, da ruwan ɗumi da sabulu, wai yana shirya jirgin domin taron tunawa da kai na ranar Asabar. Ya riga ya wanke talatin da ɗaya, har lambobin sun goge. Da na daka masa tsawa, sai ya ce, "Haba Elwood, sarkin ƙasida, kwantar da hankalinka! Kaya da dauɗa za mu nuna wa matar mutum?"

Dauɗa! Shekara goma yana cin wake da burodin masara a teburinka, bai taɓa tambayar abin da baƙar ƙurar nan take nufi ba. Ƙurar gwangwanin ta ƙare tun bara, ramin kuma an lilliƙe bakinsa da siminti. Tarago sha bakwai suka rage da ƙurarsu.

Ubangiji Ya ji ƙanka, Ya ba ka numfashin da ka rasa a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, Inna Verna, da 'ya'yanta, Allah Ya ba su haƙuri.

Ga roƙona ga kwamiti:

1. Kada wani hannu ya taɓa taragai sha bakwai ɗin nan.
2. A nemi izinin Inna Verna a duba takardun marigayin, ko a dace da lambobin da suka goge.
3. Ranar Asabar masu ƙurar su shige gaba, Dwayne kuma ya tsaya ya bayyana wa jama'a dalilin sheƙin na baya.

Ina jiran amsa a rubuce kafin Juma'a. Har zuwa lokacin, makullin kabad ɗin da taragan suke ciki yana aljihuna.

Elwood Pruitt