Tokar Kananzir a Gonar Albasa

Har yanzu in na ji warin mai sai na tuna da gonar albasar babana.

Da na gama sakandare aka ɗauke ni aiki a wurin injinan ban ruwa na fadamar Haɗeja. Akwai bututu a binne da ke kai man gas daga tanki zuwa injinan da ke bakin kogi, kuma ta ƙarƙashin gonar albasar babana ya bi. Ranar gwaji aka toshe bakinsa biyu, aka ɗura masa iska da famfo, aka zaunar da ni gaban wani agogo mai allura ɗaya. In allurar ta tsaya cak, bututu lafiya lau. In ta sauka, yana yoyo a wani wuri.

Ta sauka. Kaɗan ne, kamar kaurin farce. Na faɗa wa helma, shugaban leburori.

Ya bi layin bututun yana damƙar ƙasa yana sunsunawa, har ya shiga gonarmu, ya tarar da Baba a ciki. Baba kuwa da safen nan ya barbaɗa toka cuɗe da kananzir a fangalinsa, yadda kowa ke yi saboda ƙwari.

“To, ga ɓarawon nan,” in ji helma. “Tsoho, huda bututun gwamnati kake yi kana tatsa?”

“Ranka ya daɗe, toka ce. Maganin ƙwari.”

“Ƙwarin naka da injin suke tafiya?”

Leburori suka kwashe da dariya. Na matso na ce wa helma kananzir daban, gas daban. Ya ce, “'Yar boko, ke kika ce ta sauka. Koma ki tsare allurarki.”

Suka sa diga. Albasar ta fara kai, saura kaɗan a cire. Helma ya miƙa wa Baba shebur ya ce shi ma ya tona, ai shi ya san inda ya huda. Da Baba ya yi jinkiri aka tsinka masa mari, hularsa ta faɗa rami. Ina kallo daga gaban agogon.

Sai bayan la'asar aka gano yoyon, can gindin tanki, inda walda ba ta kama ba. Babu wanda ya mayar da ƙasa. Leburori suka cika aljihu da albasa suka tafi.

Baba ya tsuguna yana ware waɗanda diga ba ta sara ba. Na durƙusa zan taya shi. Bai ɗago ba.

“Tashi, uwata,” ya ce. “Kada su ga kin bar aiki.”