Injin Baba Direba a Falon Hajiya

Baba Direba ya tsufa a kan sitiyarin babbar mota. Da idanu suka raunana ya ajiye tuƙi, amma hannunsa bai daina ƙaiƙayin ƙarfe ba. Yana da wani tsohon inji a bayan gida, wanda kullum yake cewa saura kaɗan ya tashi.

Matarsa Hajiya ba ta son ganin injin nan. Ta taɓa tarar da kusoshinsa a cikin kwanonta na baƙi, ta rantse in ta sake ganin ƙarfe a falonta, mai sayen gwangwan za ta kira ya kwashe duka.

To, duk lokacin da ta tafi ganin 'yarsu a can garin da take aure, sai Baba ya jawo injin falo, ƙarƙashin fanka, ya baje shi a kan darduma. Ba ya fargaba, domin hanyar nan ya san ta kamar yunwar cikinsa. In 'yar ta buga waya ta ce Mama ta taso, sai ta kwana a hanya. Kafin ta iso ya kwashe, ya goge, har ya kunna turare.

Wannan karon surukinsu ya sa ta a jirgin sama.

"Baba, ga su nan za su tashi," in ji 'yar. "Awa ɗaya da 'yan mintuna sun sauka."

"Allah ya kawo su lafiya," ya ce, ya ci gaba da kwance noti.

Maƙwabcinsa mai aski, da ya shigo shan iskar fanka, ya ce, "Direba, tashi mu kwashe."

"Kai da ba ka taɓa wuce bakin kasuwa ba? Tsakaninmu da su akwai gada biyu da dutsen da ke cinye birki. Yarinya ce, ba ta san nisa ba. Na yarda jirgi yana da gudu, na ba shi rabi. Sai gobe da hantsi."

"A sama babu gada fa."

"Nisa dai yana nan inda na bar shi."

Mai aski bai gama gyangyaɗinsa ba aka ji hon ɗin tasi a ƙofa. Ya zari takalmansa ya bi ta ƙofar baya.

Baba ya fito da sauri ya tare ƙofa, hannuwa a baya. Dabara ɗaya ta rage masa, wato gaisuwar matafiyi, wadda ya saba ja zango bayan zango. Ko Allah zai sa kafin ya gama mai aski ya tuna da zumunci ya dawo ya kwashe injin.

"Sannu da hanya, Hajiya! Yaya kuka baro gadar farko?"

"Ban ga gada ba."

"Dutsen fa? An gyara kwanar nan?"

"Gajimare kawai na gani, Malam."

"To... yaya gajimaren?"

"Lafiya lau. Matsa in wuce. Me ya sami hannunka?"

Washegari mai gwangwan ya zo da kurarsa. Baba ya raka injin har ƙarshen layi, yana tafe yana gyara masa zama. Da ya dawo ya ce wa mai aski, "Ka ga wannan tafiya ce ta mutunci. Ana yi ana ganin hanya."

Tun daga ranar, in 'yar ta buga waya, kafin ya tambayi jikoki sai ya ce, "Ta sama ko ta ƙasa?"