Kwalayen Malama Ba Shara Ba Ne

Shekara talatin da ɗaya, kullum sai Malama Mai Kwali ta iso makaranta a makare da minti biyar. Ba barci ke riƙe ta ba. A hanya take duƙawa ta tsinci takardar magani, ko ta tsaya kwafe sanarwar da aka manna a ƙofar banki. Duk jimlar Turancin da mutane ke amfani da ita da gaske, sai ta rubuta a ɗan kati, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke tafiya tare, ta jefa cikin kwalin takalmi. Wannan kwali na neman alfarma, wancan na ba da haƙuri, wani na gargaɗi. Sun kai arba'in da uku, jere a bayan ajinta.

Da su take koyarwa. "Kalma kamar mutum take," in ji ta, "duba da wa take yawo, sai ka san halinta." Masu duba makarantu kuwa sau uku suna rubuta cewa ba ta bin littafi. Littafin da bai taɓa koya wa kowa cike fom ɗin asibiti ba!

Ku tambayi Baba mai shara, wanda take zaunarwa a benci lokacin hutun ƙarfe tara tana nuna masa katunan. "Ba don ita ba," ya ce, "da na ɗura wa matata maganin shafawa."

Makon jiya ta yi ritaya. Ko ruwan sanyi ba a ba ta ba, balle a tara mutane. Tana fita ƙofa, shugaban makarantar ya kira Baba, wai yana son kusurwar da kwalayen suke don jibge karyayyun kujeru.

"Kwashe tarkacen nan ka ƙona."

"Ranka ya daɗe, shekara ashirin ina ƙona shara, na san shara. Wannan ba ita ba ce."

"Ka ƙona, ko ka ajiye tsintsiya."

Baba ya jingina tsintsiyar da bango. Sawu huɗu ya yi da baro. Yanzu kwalayen suna ɗakinsa, sun cinye rabin wurin kwana, shi kuma yana zaune babu aiki. Abin kunya ne, kuma abin takaici.

Malama, ke ce kika duƙa a titi don mu miƙe a gaban mutane. Gagara gajiya, uwar masu tsoron buɗe baki. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku kuma da kuka samu aiki da katunanta, ina kuke? Ɗaki ɗaya ake nema da tebur don ajiye kwalayen, da mai zuwa ofis ya yi magana a kan Baba. Ku malamai, ku koyi duƙawa irin tata. Har yau tsintsiyar tana nan jingine inda Baba ya bar ta, kuma wanda ya ba da umarnin bai ɗauka ya share ba.