Tallar Jirgin Warra

Mu uku ne a ƙungiyar, ko da yake yau in ka zaga Yelwa za ka samu mutum ashirin da kowannensu zai rantse da shi aka yi. Ni ke buga fiyano, wata 'yar ƙarama mai batir da yayana ya sayo mini a gwanjo. Shugabanmu tela ne a bakin kasuwa. Shi ke rubuta baiti, shi kuma ya naɗa kansa shugaba, tunda a shagonsa muke haɗuwa. Mai rerawa ɗiyar kawuna ce, wadda ke taya Innarta bandar kifi. Kunya gare ta, ko gaisuwa za ta yi sai ka matso da kunne.

Asalin waƙar talla ce. Wani Alhaji ya sayi sabon jirgin ruwa mai inji da ke jigila tsakanin Yelwa da Warra, ya ce mu yi masa waƙar da za ta janyo fasinja. Tela ya zauna ya rubuta cewa inji sabo ne, direba ba ya gyangyaɗi, akwai rumfa, akwai wurin ɗaure awaki. Baiti guda kacokan a kan jirgin ba ya yoyo ne. Kiɗan kuwa mai sauri muka shirya, na rawa.

A shagon wani mai gyaran rediyo muka ɗauka, da hantsi, bayan mun toshe taga da katifa. Ɗiyar kawuna ta zo da mura, ga tsoron makirfo, sai ta rera kamar mai magana a cikin tulu. Maɓallin amsa-kuwwa ya maƙale, mai gyara ya ce ba komai, haka ake yi a birni. Da ya zo kwafar kaset, ashe robar da ke juya na'urar ta saki, duk kwafin ya fito a sanyaye, kiɗa na jan ƙafa, murya na yawo can nesa, ba a jin kalma ko ɗaya.

Muka kai wa Alhaji a bakin ruwa. Ya saurara kaɗan, ya kashe rediyon.

"Wa ya rasu?" in ji shi.

Tela ya ce, "Alhaji, sabon salo ne."

"Na ce ku yi min waƙar jirgi, kun yi min ta jirgin da ya nutse. Ku kwashe abinku."

Don haushi tela ya rarraba kasusuwan ga direbobin jirage da masu shayi. Bayan 'yan makonni na shiga jirgi zan je Warra, sai direba ya saka waƙar. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta fara share hawaye da bakin gyale. Ta ce wannan waƙar garinsu ce, wanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, ta ma ji an ambaci sunansa. Wani dattijo ya ce a'a, sunan nasu ƙauyen aka faɗa. Suka yi ta gardama har muka wuce tsibiri. Ni na san wurin da suke nufi, baitin awaki ne. Na juya ina kallon ruwa.

Daga nan waƙar ta bi ruwa, har Ngaski da Shanga. Da tela ya ga haka, sai ya ce mu yi ta biyu. Muka koma wurin mai gyara, muka tarar ya sa sabuwar roba, ya gyara maɓalli. Tela ya roƙe shi ya mayar da na'urar yadda take, mutumin ya ce a sana'arsa ba a taɓa yi masa irin wannan cin mutunci ba. Muka ɗauki waƙoƙi huɗu tangaran, ana jin kowace kalma, kuma da mutane suka ji abin da tela ke rubutawa, ba wanda ya nemi ƙari. Ɗiyar kawuna ta yi aure, fiyanona ta mutu, ƙungiya ta watse ba tare da kowa ya lura ba.

Yanzu waƙar na cikin wayoyi. Matasa na ɗora ta a kan bidiyon faɗuwar rana a tafki, wasu mawaƙan ma suna toshe hanci da gangan don su kamo muryar. Bara wani malamin jami'a ya zo bincike a kanta, ya tara mu a shagon tela. Tela ya sa babbar riga, ya lumshe ido, ya ce a mafarki ya ga gidaje a ƙarƙashin ruwa, ya farka da baitocin a bakinsa.

Malamin ya juya ga ɗiyar kawuna, wadda yanzu jikoki gare ta, kunyar kuma ta tafi tuni.

"Hajiya, me kike ji a ranki lokacin da kike rerawa?"

"Majina," ta ce. "Malam, wagga waƙa tallar jirgi ce. Awaki nike faɗi."

Malamin ya gyaɗa kai a hankali, ya rubuta. Ya ce lallai, awaki alama ce ta al'ummar da aka ɗaure aka raba da ƙasarta. Ta dube shi, ta dube ni, tana jira in gaya masa gaskiya.

Sai ya tambaye ni dalilin da ya sa na ja kiɗan haka. Na gyara zama. Na ji bakina yana cewa motsin ruwa nake kwaikwayo, yadda yake tafiya da safe kafin iska ta taso. Malamin ya ce in maimaita, ya ɗauke ni hoto.

Ɗiyar kawuna ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce ta bar kifi a kan wuta. Da ta kai ƙofa ta waiwayo ta ce da ni, "Yaya, kai ma?" Tun ranar, in na aika gidanta sayen kifi, ƙananan take zaɓo mini.