Kakin Gwanjo Ya Kai Ni Bakin Iyaka

Edita, don Allah a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi mara zama wuri ɗaya. Na watsar da boko tun aji biyu na sakandare, na taho Abuja na raɓe a ɗakin yayana a Dutse Alhaji. Farar hula na mulki, gari sai gine-gine, kowa na fantamawa ban da ni. Sai na lura duk mai kaki in ya hau bas ya ce shi sitaf ne, kwandasta ba ya karɓar kuɗinsa. Na je Wuse wajen 'yan gwanjo na sayi kakin masu gadin iyaka, har da hula. Wata biyu ina yawo kyauta, masu shayi na ce min oga, wata mai abinci a layinmu har ta fara ƙara min nama.

Ashe can bakin iyaka masu kakin na gaske sun yi bore kan rashin takalma da abinci, sun kulle ogansu a sito, wasu sun taho Abuja kai kuka. Ni ba na jin rediyo. Ran nan ina gaban bas a Tungan Maje, na miƙe ƙafa, sai sojoji suka tare mu suka ce mai kakin nan ya sauko. Kwandastan har da yi min Allah ya kiyaye hanya.

Aka tara ni da 'yan boren a wani fili. Na auna: in na ce kakin na gwanjo ne, gidan yari, in na ce ni ɗan bore ne, wa ya sani, ƙila harbi. Sai na yi gum. Kwana uku wani kwamiti na masu manyan riguna yana zama, suna shan lemo muna shan rana. Daga ƙarshe shugabansu ya fito ya ce gwamnati uwa ce, ta yafe wa kowa, ga sabbin takalma, amma kowa ya koma bakin aiki yau ɗin nan. Jama'a na tafi ni ina kuka, wani ya dafa ni ya ce shi ma abin ya taɓa masa zuciya.

Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota kafin mu isa bakin iyaka. Na sa rai in aka duba rajista ba sunana za a kore ni, ashe 'yan bore sun ƙona ta. Fareti ne ya tona min asiri. Aka ce a juya dama, na juya hagu, muka yi gware da wani tsohon saje. Ya shafa goshi ya tambaye ni a wace kasuwa aka horar da ni. Na faɗi gaskiya. Ya ce wallahi ba zai rubuta rahoto ba, kar a sake turo musu kwamiti. Ya karɓe kaki da hula da takalman gwamnati, ya ɗora ni kan motar albasa, daga ni sai singileti da gajeren wando.

Na gane duk wanda ya sa kakin wani, ya sa har da rigimarsa. Mai abincin nan har yau in ta gan ni sai ta ƙame ta sara min, ta zuba min romo ba nama. 'Yan uwana matasa, ku biya kuɗin mota. Ni yanzu ko kwandasta ya manta, ni nake tuna masa.