Dabinon Babana da Ba Dabino Ba

Ko tsufa zai share mini komai daga ka, ba zai share ranar da na tsaya tsakanin gatari da wata shuka ba. Shukar nan ba ta ba da inuwa, ba ta ba da abinci, kuma a lokacin har ta kashe akuya.

Mahaifina direban lori ne. Tun ina goye yake kai dawa kudu daga Gadarif, kafin yaƙi ya toshe hanya. A wata dawowa ya sauke wani abu kamar kututture a cikin buhu, ya ce daga duwatsun can ya samo shi. Ƙasarmu ta Doka baƙar laka ce mai riƙe ruwa, don haka sai da ya ɗebo tsakuwa ya yi tudu a bayan gida, sannan ya dasa. Ganyen dogaye ne masu tauri da ƙaya a gefe, shi ya sa kowa ya ce dabino ne. Shekara talatin bai wuce ƙuguna ba. Sau ɗaya a shekara yake fitar da sabbin ganye, duka a tare, sai ya yi shiru sai baɗi. 'Yan unguwa suka sa masa suna raggon dabino. Baba kan yi dariya ya ce, "Ku ƙyale shi, ba sauri yake yi ba."

Bayan rasuwar Baba gidan ya dawo hannuna. A damina ta biyu sai ga wani kai ya ɓullo a tsakiyar ganyen, kamar abarba amma ya ninka ta girma. Wani ɗan ƙwadago daga arewa, inda ake noman dabino, ya kawo busasshen furen namijin dabino ya ɗaura masa, har da rantsuwa bana za mu ci. Ba mu ci komai ba.

Wanda ya warware mana shi ne wani ma'aikacin gandun daji da motarsu ta lalace a Doka. Ya hango shukar ta kan danga, ya yi sallama, ya durƙusa gabanta ya daɗe. Sannan ya ce, "Ya hajja, wannan ba dabino ba ne. Irinta ya girmi dabino a duniya. Ba ta yin fure, wannan kan shi ne gidan 'ya'yanta. Akwai mace akwai namiji, kowa da gindinsa, taki kuma mace ce. In garin namiji bai shiga ba, 'ya'yan ba za su tsiro ba." Ya ce ko a duwatsun da aka samo ta ma ta kusa ƙarewa, ga wutar daji ga masu haƙa su sayar. Da zai tafi ya ja mini kunne in killace ta, don 'ya'yan guba ne.

Na ji, amma lokacin yankan riɗi ne, kullum sai in ce gobe. Kan ya fashe, jajayen 'ya'ya suka zube, akuyar maƙwabcinmu ta ci ta mutu. Maƙwabcin nan abokin Baba ne, tare suka yi tafiye-tafiyen kudu, Kawu nake ce masa. Da hantsi sai ga shi da gatari, mutane na biye. Ban san lokacin da na ajiye rariya na je na tsaya a kan tudun ba, ƙayar ganyen tana sukar bayana.

"Kauce, 'yar nan," in ji shi. "Halas, magana ta ƙare, yau ƙarshenta ya zo."

"Kawu, ba zan kauce ba."

"Akuyata mai ciki ce, kin sani?"

"Na sani. Laifina ne, an gaya mini ban killace ba. Ga tawa can a turke, ka kwance ta har da ɗanta. Amma wannan, sai dai ka fara sarawa ta kaina."

Mata suka fara salati, wai a kan itace zan yi wa dattijo tsaurin ido. Nan raina ya ɓaci sosai. Na juya na ce musu, "Shekara talatin kuna yi mata dariya ba ta haihu ba. Yau ta haihu, kun rako gatari." Na sake duban Kawu na ce, "Tunda ka riga ka wasa gatarin, kada wasin ya tafi a banza. Ga farar ƙaya can bakin kwari, ka saro mini mu yi shinge."

Ya kalle ni har na zaci mari zan sha. Sai ya ce, "Taurin kan ubanki, ba ki bar ko ɗaya ba." Ya juya ya tafi. Akuyar tawa kuwa bai yi kara ba, ya kwance ta da ɗanta. Amma kafin azahar ya dawo yana jan ƙaya. Muna cikin kafawa, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Biyu ubanki ya kawo. Ni na ɗora masa su a lori. Ɗayar ya ba wani tsoho a Simsim."

Na hau lori na je. Taraktocin manyan gonaki sun share dajin tas, amma na same ta tsaye a gefen bukkar tsohon, ya mai da ita turken jaki. Allah ya sa namiji ne. Sai da na jira wata daminar, lokacin da nasa kan ya fito, siriri kamar zangarniyar masara. Na karkaɗe garinsa rawaya a takarda, na dawo, na hura shi da bututun kara a tsakanin ɓawon kan tamu. 'Ya'yan da suka nuna na binne a yashi. Kusan shekara ina zuba ruwa a fili, ana cewa na zautu. Uku suka tsiro.

Kawu ne ya fara zuwa gani, yana dogara sanda. Ya ce in ba shi ɗaya. Na tsokane shi na ce, "Kawu, ina za ka kai ta, kai da ba za ka ga ta kai gwiwa ba?"

Ya ce, "Ubanki ma bai ga ta haihu ba."

Na ba shi, na shiga ɗaki na yi kuka. Ranar na gane cewa abin da ya ɗauki shekara talatin yana girma, sara biyu ya ishe shi, kuma ba shi da bakin roƙo. Dole wani ya tsaya masa. Tun daga lokacin, in aka ce mini abu ba shi da amfani a kawar, sai na tambaya ko akwai irinsa a wani wuri. Ta Kawu tana nan a gidan jikokinsa, cikin shinge, bara ta kai gwiwa.